Hannun Kakana A Bangon Coci

Akwai wata rana da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ita. Ita ce ranar da ni da yayana muka ɗauki mahaifinmu, dattijon da sahun farko na sallar asuba ba ya wuce shi, muka kai shi coci. Na san wani zai karanta wannan ya yi salati. To, ya ɗan yi haƙuri ya ji ƙarshen zancen, don mu ma sai da muka yi namu salatin kafin mu tashi mota.

Gidanmu a Koki yake, cikin birnin Kano, kuma gidan magina ne tun asali. Kakanmu, wanda ban taso na tarar ba, yana cikin masu ginin ƙasa da ake ji da su a birni. Shi ne mai tayar da soro, ya ɗaura bakan gizo mai riƙe rufin ɗaki, sannan ya zauna ya yi wa fuskar gida zane da yatsunsa tun laka tana ɗanya. Baba a hannunsa ya koyi sana'ar. Mu kuwa 'ya'yan Baba babu wanda ya gāda. Yaya robobi yake sayarwa a Ƙofar Wambai, ni kuma, autar gidan, malamar firamare ce. Iyakar sanina da laka shi ne in hana yara shiga cikinta da damina.

A idonmu gine-ginen Kaka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wannan a fasa a sa bulo, wancan a lulluɓe da siminti, wani kuma ruwa ya ci shi don magada sun ƙi yi masa yaɓe. Abin haushin, duk wanda zai rushe sai ya fara yabo: "Kai, mutanen dā sun iya aiki!" Yana rufe baki kuma sai ka ga an kawo diga. Na ƙarshen da ya rage wani zaure ne a bayan layinmu. A lokacin idon Baba ya yi rauni ƙwarai, inuwar mutum kawai yake gani, amma kullum da la'asar sai an ja shi zuwa zauren nan ya zauna, ya jingina, yana shafa bangon yana hira da masu wucewa. Sai magadan gidan suka sayar, katafila ta zo da hantsi, kafin azahar an gama. Yau shaguna ne a wurin.

Daga ranar Baba ya canja. Mutumin da ba ka wucewa ta gabansa bai tsokane ka ba, sai ga shi ya yi shiru. Abinci sai an yi da gaske. Rannan na je gida na kai masa tuwon dawa miyar kuka, abin da ya fi so, ya ture kwanon ya ce, "Auta, yanzu duk faɗin Kano babu inda zan ɗora hannuna in ce nan babana ya taɓa." Sai na shiga lallashi irin na marasa dabara, ina ce masa ai sunan Kaka yana nan. Ya ce suna ba ya taɓuwa. Can kuma ya yi ƙasa da murya kamar mai tsoron bango ya ji, ya ce, "Amma fa saura ɗaya. In yana nan."

A nan na ji labarin da ba a taɓa ba mu ba. Baba yana yaro, Kaka ya tafi kudancin Kano yi wa wani hakimi gini. A hanyar dawowa kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kasa tafiya, ga damina ta sauka. Wasu mutane a wani ɗan ƙauye suka ɗauke shi, suka ba shi ɗaki, suka yi jinyarsa har lokacin girbi. A gida an riga an fid da rai. Da ya warke ya tambaye su abin da zai yi musu, sai suka ce su Kiristoci ne, a gindin ɗorawa suke taruwa, in ruwa ya zo kowa ya watse. Shi ne ya tsaya ya gina musu ɗakin addu'a kafin ya taho. Da ya dawo birni bai yi ta yayatawa ba, ɗansa kawai ya gaya wa, da sunan ƙauyen.

Da na kai wa Yaya maganar, sai da ya ajiye bokitin da yake ciniki ya dube ni.

"Coci? Ke Auta, kanki ɗaya? Baba ne fa. In wani ɗan unguwa ya gan mu, me za mu ce?"

"Wa zai gan mu a ƙauyen da kai ma ba ka taɓa jin sunansa ba? Ba sujada za mu je yi ba, bango za mu je taɓawa."

"To ki kai shi ke kaɗai."

"Da wace motar? Yaya, kwana nawa rabon da ka ga Baba ya cinye abinci?"

Da jin haka ya yarda. Amma ya kafa sharaɗi: shi direba ne kawai, ba zai fito daga mota ba, kuma in an tambaya a unguwa, ƙauye muka je duba wani mai maganin ido.

Ranar wata Asabar bayan an gama girbi muka kama hanya da sassafe. Baba ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, har da turare. Muka bar kwalta, muka shiga burji, muka bar burji muka shiga hanyar da shanu suka fi mota saninta. Wurin tambaya aka yi wasan kwaikwayo. Yaya, da gemunsa da hularsa da carbi a rataye a madubi, ya kasa buɗe baki ya ce ina coci. Sai ya tsayar da mutum ya yi ta gaisuwa, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi lafiyar shanu, sannan ya ce, "Auta, tambaye shi." Ni ce mai leƙo da kai in yi tambayar, mutumin kuma ya nuna mana hanya ko a jikinsa, kamar kasuwa muka tambaya.

Zan faɗi jahilcina a fili. Ni a lokacin in an ce Kirista, mutumin Sabon Gari nake gani, mai wani yare daban. Sai ga mu a ƙauye an kewaye mu ana "Sannunku da zuwa, maraba, ya hanya?" da Hausar da ta fi tawa tsabta. Matan da zane da ɗankwali, suna sussuka. Kafin mu gama gaisawa an kawo tabarma da fura a ƙwarya. Faston ya fito daga gona da fartanya a kafaɗa, matashi ne mai fara'a, da ban ji an kira shi Fasto ba da na ce ɗan'uwan mijina ne. Da na faɗi abin da ya kawo mu sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ikon Allah! Jikokin Magini ne? A kira Iya!"

Iya wata tsohuwa ce 'yar firit, ba haƙori ko ɗaya, amma bakinta ya fi na mai haƙora kaifi. Tana yarinya aka yi ginin, tana cikin masu ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Ta tsaya ta ƙare wa Baba kallo ta ce, "Kai ne ɗan da yake ta zancen ya bari a gida? To ka tsufa. Uban naka ya fi ka tsayi, ya kuma fi ka kyau." Baba ya yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin zuwan katafila.

Ginin yana tsakiyar gari, ɗan ƙarami, ja wur, da zankwaye a kusurwoyinsa kamar kowane soro na cikin birni. Ba don gicciyen da ke saman ƙofa ba, da ka ce zauren mai unguwa ne. Fuskarsa kuwa cike take da zane, babu masaka tsinke. Na hango dagi, zanen ƙulli irin na Arewa, a tsakiya, ya yi ƙiba ya kumbura. Kewaye da shi ga kifi, ga zangarniyar gero, ga kaza da 'ya'yanta, ga keke, ga wani abu da na ɗauka kunkuru ne, ashe rediyo ce. Ni dai ya burge ni. Na kama hannun Baba na kai shi jikin bangon.

Ya ɗora tafukansa biyu. Ya bi dagin nan a hankali, ya gangara, ya hau, ya koma gefe. Ya taɓa kazar, ya tsaya. Ya taɓa keken, ya cire hannu kamar ya taɓa wuta.

"Wannan mene ne?"

"Keke ne, Baba."

"Keke." Ya girgiza kai. "Ba hannunsa ba ne. Babana bai taɓa zana kaza ba. Dagin ma an cika masa ciki, duk an kashe masa kaifi. Auta, mu tafi gida."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini kamar na wannan lokacin ba. Ni na dage, ni na taso da tsoho mara lafiya na yi ta jijjiga shi a mota, ga abin da na jawo masa. Gara a ce ba mu zo ba, ya ci gaba da zaton akwai saura ɗaya.

Fasto ya shiga bayani cikin ladabi. Ya ce duk shekara kafin ruwa ya sauka, matan zumunta, ƙungiyar matan cocin, su ne suke haɗuwa su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗawa da ƙasa don kada ruwa ya ci bango, su sake yaɓe ginin da hannu. Yaɓe kan yaɓe, shekara da shekaru, dole zanen farko ya nutse. Kuma al'adarsu ce duk wadda Allah ya yi wa wani abin alheri a shekarar, ta sa alamarsa a bango. Mai kazar, da kiwon kaji ta aurar da 'yarta. Mai keken, mijinta ne ya faɗo daga kansa a gada bai mutu ba.

Iya ba ta da lokacin wannan dogon bayani. Ta kama hannun rigar Baba ta ce, "Kai, ka zo tun daga Kano ka tsaya a ƙofa kamar mai bin bashi? Shigo ciki." Baba ya ɗan yi turus. Na ga leɓensa yana motsi, na san bismilla yake yi. Sannan ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe. Fasto ya ce ba sai ya cire ba, Baba ya ce shi bai iya shiga ɗakin da ake ambaton Allah da takalmi ba. Ni ma na cire nawa.

Ciki da sanyi kamar randa. Bencina ne 'yan kaɗan, da ganguna a jingine a kusurwa. Na ɗaga kai na ga bakan gizo guda biyu sun gitta juna, a tsakiyarsu an manna tasa mai fure, irin wadda kakanninmu ke jere da ita. A bangon hagu akwai hoton makiyayi da tumakinsa, wanda Fasto ya ce wani ɗan garin mai yi wa manyan motoci fenti ne ya zana. Ba sai an faɗa ba, don tumakin duk fuskar zaki gare su, saura kaɗan ka ga an rubuta wata magana a ƙasansu irin ta bayan mota. Ina ta ba Baba labarin abin da nake gani, shi kuwa yana bin bango da hannu ɗaya, Iya tana riƙe da ɗayan.

Da muka kai bangon gabas sai hannunsa ya faɗa cikin wani lungu. Wuri ne da aka shigar cikin bango, mai tsayin mutum, samansa a lanƙwashe. A ciki aka kafa gicciye na guntayen azara guda biyu. Baba ya shafa gefen dama, ya shafa na hagu, ya miƙa hannu ya bi lanƙwasar. Ya tambayi Fasto me suke kiran wannan wurin. Fasto ya ce ɗakin gicciye suke ce masa, kuma ya zaga majami'u da yawa bai taɓa ganin mai irinsa ba, baƙi ma sukan tambaya.

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Na tsorata, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har da riƙe ciki.

"Wurin tsayuwar liman ne! La ilaha illallahu, masallaci ya gina muku! Bawan Allah, bai taɓa shiga coci ba, an ce masa ɗakin addu'a, shi kuwa iri ɗaya ya sani!"

Fasto ya buɗe baki, ya dubi lungun, ya dube mu, shi ma ya fashe da dariya. Iya kuwa ko gezau. Ta ce, "Yo ai mun sani. Ku yara ne ba ku tambaya. Mai bisharar da ke nan lokacin ya gani tun ginin bai bushe ba. Wasu suka ce a toshe, ya ce a'a, mutum ya ba ku abin da ya fi daraja a wurinsa, ba a mayar masa da shi. A sa gicciye a ciki kawai." Ta ƙara da cewa har yau Fulani masu wucewa da shanu da ƙusumbin bayan ginin suke gane gabas in za su yi salla.

Baba yana share hawayen dariya, ya sake miƙa hannu can saman lungun, ta ciki, inda ruwa ba ya kaiwa balle a yi masa sabon yaɓe. Sai na ga ya daina motsi. Na matsa na duba. Sawun yatsu ne a jikin busasshiyar laka, layi huɗu huɗu, an ja su a lanƙwashe, ɗaya na bin ɗaya kamar kunyoyin gona. Ya sa yatsunsa na dama a ciki, ba su zauna ba. Ya sauya ya sa na hagu, suka shige daidai.

"Bahago ne," ya ce. "Daga nan yake jan hannu zuwa nan. Sau nawa ya buge mini hannu a kan in daina kwaikwayonsa, ni ba bahago ba ne."

Sannan ya jingina goshinsa da gefen bangon, a hankali ya ce, "Baba." Tsoho mai jikoki da tattaɓa-kunne, yana kiran ubansa kamar yaron da aka bari a gida. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na juya don in share fuska, wa zan gani a bakin ƙofa? Direbanmu da ya rantse ba zai fito daga mota ba, takalmansa a hannu, yana ta faman goge ido da hular da ya cire. Da muka haɗa ido sai ya ce wai zafi ne ya yi yawa a motar.

Azahar ta yi, aka kawo mana ruwa a buta, aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar nan ta tarihi. Yaya ya fito da waya zai duba alƙibla, Baba ya ce a bi ginin. Yaya ya ce wayar ta nuna akwai 'yar karkata kaɗan. Baba ya ce to wayar ce ta karkace. Muka bi ginin. Bayan salla aka kawo dambu da zogale, Baba ya cinye kwanonsa tas, ya miƙa hannu cikin na Yaya.

Da ciki ya ɗauka sai tsokana ta dawo. Ya juya wajen Iya ya ce, "Amma fa kun ɓata masa fuskar gini. Dagi kamar mai kumburi, ga kaji, ga keke. Da yana raye da ya kai ƙararku."

Iya ta ajiye ludayinta ta ce, "Mu da muka ɓata, namu yana tsaye. Ku na birni da kuka iya, ina naku?"

Na ji tsoron maganar ta yi masa nauyi, don ta taɓa daidai inda ke ciwo. Baba ya daɗe yana jujjuya kai, sannan ya ce, "Kin gama da ni, 'yar'uwa. Yaushe ne yaɓen bana?" Ta ce in zafi ya tsananta, gab da ruwan fari. Ya ce a aiko masa, zai zo ya nuna musu yadda ake fito da kaifin dagi, su kuma su koya masa kaza.

A hanyar dawowa bakinsa bai rufu ba. Da muka iso unguwa maƙwabta suka taru suna tambayar yaya aka yi da mai maganin ido, Yaya yana ta ƙifta mini ido, sai Baba ya ce da ƙarfi, "Wane mai magani? Coci muka je, na gaisa da babana." Ya zauna a ƙofar gida ya ba su labarin tun daga kurkunu har tumaki masu fuskar zaki. Ya yi ta ba da shi kusan kullum, har yaran layi suka haddace.

Bai kai yaɓen ba. Allah ya karɓi abinsa ana tsakiyar sanyi, cikin sauƙi, da cikinsa a ƙoshe da bakinsa cike da labari. Da zafi ya tsananta sai ga kiran Fasto, ya ce Iya ta ce a gaya wa ɗan Magini an jiƙa makuba. Na faɗa masa abin da ya faru, ya yi mini ta'aziyya. Da na ajiye sai na kira Yaya, ina shirin doguwar muhawara. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙarfe nawa za mu tashi?"

Haka na tsinci kaina, ni da ban taɓa kwaɓa ko kaskon wasa ba, na naɗe hannun riga a cikin matan zumunta, laka har gwiwar hannu. Sun yi mini dariya son ransu. Iya tana zaune a inuwa tana ba da umarni, ta ce aikina ya fi na kowa muni, amma kada wanda ya gyara.

Abin da na koya daga wannan al'amari shi ne, yabo ba ya riƙe bango. Mu a birni mun yaba aikin Kaka har bakinmu ya gaji, muka tsaya muna kallo ya zube. Waɗanda suka riƙe shi mutane ne da ba addininmu ɗaya ba, ba su san ƙa'idar zane ba, amma duk shekara sai sun sa hannunsu a jikinsa don mutumin da ya yi musu alheri ya ci gaba da tsayuwa a garinsu. Tun daga lokacin, duk abin da na ce ina ƙauna, gini ne ko zumunci ko mutum, nakan tambayi kaina yaushe rabon da in taɓa shi da hannuna. In na kasa tunawa, na san ya fara zubewa.